Minti Huɗun da ke Ƙarshen Kaset ɗin Daɓe

Ni mutum ne marar haƙuri, kuma ba yau na fara ba. In aka ɗora shayi a fadarmu, kafin ya tafasa na tashi sau uku na leƙa bakin titi, alhali ba kowa nake jira ba. Yaran da nake koyarwa a lakwal sun sani, in na ba ɗaya lissafi a allo ba na barin shi ya gama, sai in fizge allin in ƙarasa da kaina ina faɗa. Matata ta ce da ana sayar da zama wuri ɗaya a kasuwar Dakoro, da ta auno mani tiya biyu. To wannan halin nawa ne ya jawo abin da zan ba da labari. Na so in ɗora ma salula laifin, na so in ɗora ma shaiɗan, amma duk inda na juya sai in tarar da kaina.

Babanmu ya rasu ya bar akwatin ƙarfe cike da kaset. Ina ɗan shekara uku, a wata shekarar da hatsi bai yi ba, ya tafi Libiya neman abin da za a sa a baki. Ya yi shekara biyu ya dawo da bargo, da agogon hannu, da rediyo mai cin kaset, wadda mu nan muke ce ma manyeto. Tun daga ranar aka rasa kanshi. Duk inda aka buga ganga, ga Baba da manyeto a hammata. Ya ɗauki kiɗan gayya a gonaki, ya ɗauki kirarin ƴan kokowa bayan girbi, da sarewar Fulani a bakin wata rijiya ta wajen Korahane, da matan Buzaye suna buga turmin kiɗansu, da roƙon ruwa. Har hayaniyar kasuwar Kornaka ya ɗauka, ba waƙa ba komai, sai kukan raƙuma da masu ciniki suna rantsuwa. Kowane kaset ya rubuta mashi suna da bik, cikin ajaminshi mai kama da tafiyar tururuwa.

Sabon kaset wuya yake a lokacin, don haka Baba kan ɗora sabon ɗauka bisa tsoho. Tsofaffin kuwa galibi wasiƙu ne. Yaran yanzu ba su san wannan ba: in mutum ya tafi cin rani, ba takarda ake aika mashi ba, don takarda sai an nemi mai karantawa ya ji cikinka. Manyeto ake arowa, a shimfiɗa tabarma, gida duk a taru, a fara daga tsofaffi. Kowa ya matso ya yi gaisuwa, a faɗi wanda ya rasu, a faɗi wadda ta haihu, a faɗi halin rumbu, sannan a ba direban da za ya arewa. Baba ya dawo da duk kaset ɗin da aka aika mashi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya binne gaishe-gaishen ƙarƙashin ganguna.

Sai kuma innarmu, wadda ba za a gane labarin ba sai an san ta. Ita jinin arewa ce, mutanen kiwo na wajen Tagriss, kuma ni ne ɗanta na fari. Kowa ya san alkunyar ɗan fari, amma tata ta wuce ta mutane. Ana yaye ni ta miƙa ma kakata, ɗaki biyu tsakaninmu, kamar gari biyu. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko da kure. Ni "wancan" ne, ko "mutumin nan", in ranta ya ɓaci kuma "masu yawo". Ba ta yi mani magana kai tsaye. In ƙanwata na kusa, ita ce manzo. In ba ta nan, akwai akuya. A gidanmu ba a taɓa rasa akuya ɗaure kusa da ƙofar ɗakinta ba, in wata ta tsufa a kawo wata, kuma duk aikinsu ɗaya.

"Ke," za ta ce ma akuyar, ina tsaye a gabanta, "ki ce ma masu yawo tuwo na sanyi."

Ni kuma in ce ma akuyar an gode. Haka muka yi shekara arba'in da wani abu. Ranar da na ci jarrabawar zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, na shigo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, sai ta ce ma akuya ta ji an ce wasu sun ci wani abu, Allah Ya sa na alheri ne. Ranar da moto, wato babur, ta kayar da ni na karye a hannu, kwana shida ina gidan likita ba ta leƙo ba, kunu kawai ta riƙa aikowa. Kaina ya san al'ada ce. Zuciyata ba ta taɓa yarda ba, kuma ban taɓa faɗa ma kowa haka ba sai yau.

Bayan rasuwar Baba akwatin ya yi shekaru ƙarƙashin gadona. Wani hutun bakansi zaman gida ya ishe ni, na jawo shi na buɗe, na tarar wasu kaset ɗin har sun fara manne. Abokin aikina ya ara mani ordinatar, wato kwamfuta, da wata ƴar waya da ake haɗa ta da manyeto, ya nuna mani yadda sauti ke tsallakawa ya zama abin da za a iya turawa ta salula. Na kai manyeton Baba wurin mai gyara aka canza mata roba, na nemi bik na naɗe waɗanda suka warware. Ranar da na ji gangar gayya ta fito daga salulata, tsigar jikina ta tashi. Kafin la'asar na buɗe gurup a intanet, na zuba duk ɗan Dakoron da nake da lambarshi, na gida da na waje, Yamai, Agadas, Kano, Abijan, har Libiyar kanta.

Kai, abin ya karɓu. Wani direba ya aiko saƙon murya daga hanyar arewa yana kuka, ya ji kirarin mahaifinshi da ya rasu tun yana goye. Wata hajiya a Yamai ta gane muryar yayarta cikin masu amshi. Mutane suka riƙa tura ma ƴan uwansu, ƴan uwan su tura gaba, kullum sai an roƙe ni in ƙara wani. In na bi ta kasuwa sai in ji "Mushe, Allah Ya saka, yaushe za a sako na kokowa?" Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Na fara jin kamar ni na buga gangunan.

Matsalar ɗaya ce: kaset ba ya sauri don kana sauri. In na awa ɗaya da rabi ne, sai ya ci awa ɗaya da rabinshi cif, kana zaune kana kallon ƙafafun kaset ɗin biyu suna juyawa. Na gwada zama kwana biyu, na ji kamar za a fitar mani da rai. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a tsakiya kuma a koma farko. Sai na ɓullo da dabara. In sa kaset, in danna, in rage murya, in fice fada ko kasuwa. In dawo in juya shi, in sake ficewa. Da ya gama sai in saurari minti ɗaya ko biyu na farko don in tabbata abin da Baba ya rubuta ne a ciki, in tura.

Matata ta lura. Wata rana tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, wai kana sauraron abubuwan nan har ƙarshe kafin ka watsa ma duniya?"

Na ce, "Ganga ce, mi za ta ce a ƙarshe da ba ta ce a farko ba?"

Ta ce to, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Kaset ɗin da ya kashe ni an rubuta mashi "daɓe". Waƙar da mata ke yi ce in sun taru suna bugun ƙasan sabon ɗaki don ya daddale. Na ma lura da wani abu a jikinshi. Kowane kaset na da ƴan kunnuwa biyu a baya, in aka karye su manyeto ba ta ƙara yarda ta ɗauki wani abu a kai. Duk cikin akwatin, shi kaɗai Baba ya karye ma kunnuwa. Na juya shi a hannu na ce lalle tsoho ya so waƙar nan, na jefa a manyeto na tafi aski. An riga an koma lakwal lokacin. Washegari da safe na saurari farkon, mata na ta rangaɗa amshi, na tura a gurup ina tafe ina tura moto, na kashe salular na shiga aji.

Da aka tashi tsakar rana na kunna ta a bakin ƙofar lakwal, sai ta hau rawa a hannuna ba tsayawa. Saƙo bisa saƙo, kira bisa kira. Na yi murmushi, na ce yau daɓe ya ci kasuwa. Ina shirin buɗe na farko sai ga kabu-kabu ya tsaya a gabana, ƙanwata ta diro tun bai gama tsayawa ba, mayafinta a hannu. Ko sallama babu ta fizge salular.

"Yaya, ka buɗe? Ka ji?"

"In ji mi? Lafiya?"

"Ka rantse ba ka ji ƙarshen abin da ka tura ba."

Na ce ban ji ba. Ta dafe ƙirji ta sauke numfashi, sannan ta fara zagina, ita da ba ta taɓa ɗaga mani murya ba. Da ƙyar na tsinci zancen cikin faɗan. Waƙar daɓen ba ta kai ƙarshen kaset ba. Inda ta tsaya, tsohuwar wasiƙar da ke ƙasa ta fito, kuma muryar Inna ce, tana yarinya, ita kaɗai, tana magana da Baba yana Libiya. Lokacin ƙyanda ta kama ni har an fid da rai. Ga alama an gama gaishe-gaishe kowa ya watse, ita kuma ta koma ta danna manyeton da kanta.

Na ce, "Mi ta ce?"

"Ba za ka ji a bakina ba."

"Inna ta sani?"

Ta sani. Wata maƙwabciyarmu, da zuciya ɗaya, ta shigo gida da salularta a sama tana guɗa, ta kunna a gaban matan da ke daka. Inna ta ji numfashin farko ta gane. Ta ajiye taɓarya, ta shige ɗaki, ta saki labule. Bayan an watse ta kira ƙanwata ta ba ta saƙo, shi ne ta hau kabu-kabu ta kawo mani da zafinshi.

"Ta ce in ce ma wancan, in nonon da ya sha yana da hakki a kanshi, kar ya ji."

Nan a tsaye na goge abin daga gurup, amma goge mi? Ya riga ya sauka a salular mutum ɗari, ko ma in ce ya yi sallar azahar a Abijan. Na yi saƙon murya ina roƙon kowa don girman Allah ya goge, kar ya tura. Wannan shi ne wauta ta biyu. Waɗanda ba su kai ƙarshen waƙar ba, irina, duk suka koma suka nemo. Kafin magariba ba wanda bai ji ba a Dakoro, daga mai unguwa har masu sayar da ruwan leda, sai mutum ɗaya, wanda aka yi maganar a kanshi.

Kwanakin da suka biyo ban san yadda zan kwatanta su ba. Na bi gida-gida kamar mai tallar magani, ina cewa a goge. Kowa ya ce "ai na goge, Mushe", yana kallona da wani irin ido mai laushi da na tsana. Tsofaffin mata suka riƙa tare ni a hanya suna shafa mani kai, ni da furfura. Wani abokina na yarinta ya kira daga Abijan, ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Kai, ashe haka tsohuwa ke son ka? Ka ƙirga sau nawa ta kira sunanka kuwa? Ni da na kai wurin da ta ce..." Na kashe, na cire batirin ma gaba ɗaya. Daga shi na san ta kira sunana. Ban so in sani ba, kuma tun da na sani ban sake samun sukuni ba.

Ranar kasuwa na tsaya wurin mai shayi, sai na ji waƙar daɓen nan na tashi daga aljihun wani baƙo da bai san ni ba. Amshin matan ya fara ja baya, na gane an kusa wurin. Na saki kofin, na toshe kunnuwa da yatsu, na ruga ta cikin kasuwar dabbobi ina ta "la'ilaha illallahu" da ƙarfi don kar wani abu ya shiga. Na ture wani Bafillace, na taka igiyar rago. Ɗalibaina biyu na wurin suna kallon mushensu. Har yau in na tuna sai in ji kunya, amma ban ji ko kalma ɗaya ba.

Wanda ya fi wuya shi ne na cikin ɗakina. A ordinatar ana ganin sauti da ido, kamar zanen ciyawa. Waƙar daɓe ta yi kauri, cunkus, sai ɗan fili, sai wani siririn zare mai tashi yana kwantawa har ƙarshe. Minti huɗu da ƴan daƙiƙu. Akwai wurare biyu da zaren ya yanke ya daɗe kafin ya dawo, na zauna ina tambayar kaina ko kuka take a nan, ko wani ne ya gitta ta yi shiru. Sau nawa na ɗora yatsa a kan madannin! In tashi, in zaga tsakar gida, in dawo, in rufe, in sake buɗewa. Na yi ta kawo ma kaina hujja. Wa zai sani? Ba a kaina aka yi maganar ba? Mai ruwan leda ya ji, ni da na sha ƙyandar ban ji ba?

Kuma na yi fushi da ita, in faɗi gaskiya. Fushi sosai. Shekara arba'in ina jiran kalma ɗaya, ashe kalmar na nan kwance ƙarƙashin gadona, ta fito ta zaga duniya, sannan a ce ni kaɗai ne ba ni da rabo. Na faɗa ma matata haka, ina huci. Ta bari na gama, ta ce, "Ai ba kunyar garin take ji ba, Malam. Garin zai manta. Kunyarka take ji." Na ce wannan wace irin magana ce, na fice. Ban kai bakin titi ba na san gaskiya ta faɗa.

Inna kuwa ta daina fita. Matar da ba a suna ko buki ko gaisuwar mutuwa a unguwa ba tare da ita ba, ta koma daga ɗaki sai bayan gida. Kullum da safe kafin lakwal nakan biya in durƙusa a ƙofarta in gaishe ta, ta amsa ta bakin akuya. Yanzu sai in gaida labule. Akuyar na nan tana tuƙa, tana kallona, ba a ba ta saƙon komai ba. Ban taɓa zaton zan yi kewar a ce mani "masu yawo" ba. Ƙanwata ta ce abinci ma sai an matsa mata. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, labulen bai ɗaga ba. Na fara tsoron tsohuwar nan za ta tafi a haka, ni na rufe ta a ɗaki da hannuna saboda na kasa zaman awa ɗaya da rabi.

Matata ce ta ce in kai mata kaset ɗin. Na ce in kai ta yi mi da shi? Ta ce, "Nata ne. Ka taɓa tambayar ta kafin ka ɗauka?"

Na goge wanda ke cikin ordinatar, na goge na salula. Sai da na rufe ido na danna, kamar mai cire ƙaya. Ya rage kaset ɗin kaɗai. Wata Asabar da hantsi na sa shi a aljihu na tafi. Na tarar ƙanwata ta tafi rijiya, gidan shiru, Inna ta ɗan fito bakin ƙofa tana shan rana, ta rame har wuyanta ya fito. Tana ganina ta kai hannu ga labule. Na yi maza na durƙusa gaban akuyar.

Na ce, "Ki ce mata ga abin nan na kawo. Babu wani a wurina, duk na goge. Na mutane ne ya fi ƙarfina. In ta so ta sa a murhu. Ki ce mata na yi laifi, ba ni da ta cewa."

Na ajiye shi a bakin tabarma. Ta daɗe ba ta motsa ba. Ƙafata ta fara ƙaiƙayin tashi, na danne ta da hannu. Can ta miƙa hannu ta ɗauka, ta juya shi, ta shafa bayan da babban yatsa, ta ji ramukan nan biyu.

"Ke," ta ce ma akuyar, muryarta a dishe, "mi ya ci nan? Ɓera?"

Wallahi da na ji "ke" ɗin nan sai da idona ya kawo ruwa. Na yi ma akuyar bayanin kunnuwan kaset, na ce Baba ne ya karye su da gangan don kar a ƙara ɗora komai a kai, kuma duk akwatin shi kaɗai ya yi ma haka. Na ce da alama ya fara ɗora waƙar daɓen, da ya zo wurin ya tsayar.

Ta yi wani ɗan sauti ta hanci, ban san ko dariya ba ce.

"Ya ce mani ya shafe. Har da rantsuwa." Ta sake shafa ramukan. "Allah Ya jiƙan maƙaryaci."

Na ce amin, ban san ko daidai ne in ce ba.

"Ke, tambaye shi. Ya ji?"

"Ban ji ba."

"Ya rantse."

Na rantse da Allah, na rantse da kabarin Baba. Na ba akuyar labarin mai shayi da ragon da na taka ma igiya. Inna ta kau da kai gefe, kafaɗarta na ɗan motsi.

"Wanga?" ta ce. "Wanga da ko wata tara bai iya jira ba, ya faɗo a na bakwai, ana tsakiyar shibka? Shi ya yi wata biyu da abu a hannu bai taɓa ba?"

Ban taɓa sanin bakwaini ne ni ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mani, kuma ban taɓa jin ta ambaci haihuwata ba ko a kaikaice. Ina nan durƙushe sai akuyar ta hango kwanon dussa a gindin turmi, ta ja igiyarta ta yi can, ta juya mana baya. Ba kowa tsakaninmu. Na jira Inna ta kira ta, ko ta tashi ta shige. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye kaset ɗin a ƙasa, ta turo shi da yatsa har ya taɓa gwiwata, idonta na kan tabarma.

"Ɗauki ka ajiye. Ran da aka kai ni, in an share makoki, ka ji."

Na ɗauka. Ta ce rana ta yi zafi, ta shige ɗaki, amma ba ta saki labulen ba. Sati na zagayowa aka gan ta a wani suna a bayan masallaci, matan suka fara tsokanarta, ta yi kunnen uwar shegu da su har suka gaji.

Gurup ɗin na nan, har yanzu ina turawa, sai dai a wata ba ya wuce kaset biyu. Kowanne sai na zauna na ji shi tun daga farko har ya yi ƙarar tsayawa, ƙafata na rawa, shayina na hucewa. Na tarar da wasu wutsiyoyin irin wannan, muryoyin dangin Baba da na maƙwabta, wasu na gaisuwa, wasu na abin da bai kamata a ji ba. Waɗannan ba sa hawa intanet. In mai muryar na raye, ko ɗiyanshi, in taka in kai masu, su yi yadda suka so. Masu cewa na yi sanyi da turawa, ina jin su.

Kaset ɗin daɓe na cikin akwatin ƙarfe, na naɗe shi a tsohon rawanin Baba. Manyeto na kusa da shi, lafiyarta lau. Wani lokacin in na buɗe akwatin neman wani abu hannuna kan taɓa rawanin, in janye da sauri. Ina son jin abin nan, Allah Ya sani, ban taɓa son wani abu haka ba. Amma na san ranar da zan ji shi.

Shekaranjiya da na je gaisuwa ta yi tari sau biyu tana ba akuya saƙo. Ban tsaya jin ƙarshen saƙon ba na haye moto na nufi wurin mai magani, na dawo da kwalba uku. Ta dube su ta ce ma akuyar masu yawo sun fara taɓuwa. Ni da ban iya jiran shayi ya tafasa ba, yau ga ni kowace salla ina roƙon Allah Ya ja mani wannan jiran, Ya ƙara ja, kar Ya gaji.